Gidan Yawa a Sabon Ibadan: Daga Huhun Goro Zuwa Kuɗin Makaranta

Lokacin da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, ba wanda ke lissafin 'ya'ya da kuɗi. Maigida mai saukar da fataken goro da shanu hannuwa yake nema: mai ɗaure huhu, mai kora shanu kara, mai kai saƙo tashar jirgi. Nasa na cikinsa ma ba su isarsa, sai ya karɓi riƙon na wasu. Abner Cohen, masanin nan daga Ingila da ya yi bincike a Sabo a 1962 da 1963, ya rubuta yadda riƙon nan ke ƙulla amana tsakanin gidaje. Abin da ake kashe wa yaro bai wuce tuwo da riga da kuɗin laraba ba. In ya kawo ƙarfi, a yi masa aure, ya shiga sana'ar gida.

Da gwamnatin Awolowo ta kawo firamare kyauta a 1955, Yarbawa suka tura nasu, yawancin iyayenmu suka noƙe. To, me za a yi da boko, ga ciniki na ci?

Lissafin ya juye ne bayan SAP ɗin Babangida a 1986. Naira ta faɗi, littafi da magani suka yi tsada, ga kuɗin haya. Gida mai yara goma sai a zaɓi biyu ko uku a kai makaranta, galibi maza, 'yan mata kuwa a ɗora musu talla.

A 1988 gwamnati ta ba da shawarar kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Mace aka ƙidaya, ba aljihun maigida ba. Ai mai mata huɗu, sha shida ke nan.