Musayar Ɗinkin Hannu Tsakanin Maɗinkan Zazzau, Nufe da Ilori

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Zariya ko Kano ko Bida, ko kuwa ya halarci wani babban biki a Ilori ko Ibadan, ya ga irin manyan rigunan nan da aka yi wa aiki a wuya da ƙirji da baya. Bahaushe yana ce mata babbar riga, Bayarabe yana ce mata agbada, kowannensu kuma yana ɗaukarta gadon kakanninsa. Har a tsakanin ɗalibai akan ji gardama ta kaure a kan wa ya fara, wa kuma ya kwaikwaya. Da wuya wannan gardama ta ƙare, domin tun asali aikin bai taɓa zama a hannun mutum ɗaya ko gari ɗaya ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun yadda ɗinkin ya riƙa tafiya daga hannun wannan maɗinki zuwa na wancan, ta hanyar aro da kyauta da musaya, tun daga ƙarni na 19 har zuwa yau.

A da, kafin riga guda ta hau jikin mai ita, sai ta bi ta hannuwa masu yawa. Mata ne ke kaɗa auduga su fitar da zare. Masaƙa su saƙa shi siriri, faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba. Idan mai shuni ake so, a kai wa marina, daga nan a miƙa wa mabuga su buga shi har ya yi walƙiya, kamar yadda garin Kura ta ƙasar Kano ya yi suna a kai. Sa'annan maɗinki ya harhaɗa ƙyallayen su zama riga. Bayan wannan ne ake kai ta wurin mai zane, wanda zai ɗauki alƙalamin kara da tawada ya fitar da siffofin da za a bi: aska biyu ko aska takwas, da dagi, da gidan biyar, da tambari, da linzamin da ke kewaye wuya. Shi mai zane ba lalle ne ya riƙe allura ba. Wasu ne za su zauna su cike abin da ya zana, kuma rigar sarauta takan ci watanni a hannunsu. Ashe ke nan tun a cikin gari ɗaya ma, riga aikin gayya ce.

Wani abin lura shi ne irin mutanen da suka riƙe wannan sana'a. Ƙira da wanzanci da rini galibi gado ne, ɗa yakan tashi ya tarar da su a gidan ubansa. Ɗinki kuwa ƙofarsa a buɗe take, kuma malamai da almajiransu ne suka fi rungumarsa, domin aiki ne mai tsabta da mutum zai yi yana zaune a zaure, ya ajiye idan lokacin karatu ko salla ya yi. S. F. Nadel, wanda ya yi bincike a ƙasar Nufe a tsakiyar shekarun 1930, ya tarar da haka a Bida. Hannun da ya saba da zayyanar allo ba ya shan wahala wajen zana wuyan riga, shi ya sa wasu masana ke ganin akwai dangantaka tsakanin gidajen hatimi da wasu siffofin da ake ɗinkawa. To, almajiri kuwa matafiyi ne. Yau yana Zariya, baɗi yana Bida ko Ilori yana neman wani littafi wurin wani malami, allurarsa na cikin gafakarsa, da ita yake ci da kansa. Duk zauren da ya sauka zai tarar da masu ɗinki, ya ga abin da bai sani ba, su ma su ga nasa. Wanda ya ƙware a dagi ya ɗaura wa abokinsa, shi kuma ya rama masa da cikon askar da ta gagare shi. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wannan zanen ɗaurawa ke nan. Zanen alƙalami kuwa, na aro ne ya rufe ƙirazan sarakuna.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, shi ya faɗaɗa wannan zirga-zirga. Ƙasashen da a da suke zaman kansu, wasu ma suna yaƙar juna, suka dawo ƙarƙashin tuta ɗaya. Kano da Zazzau suna bin Sakkwato, Nufe da Ilori suna bin Gwandu. Riguna suna daga cikin manyan kayan da sarakuna ke aikawa gaisuwa, haka kuma da riga da rawani ake naɗa sarauta, da riga ake saka wa bawan sarki ko malami ko baƙon da ake so a girmama. Saboda haka rigar da aka ɗinka a Bida tana iya zuwa Gwandu cikin kayan gaisuwa, a ba wani basarake, shi kuma ya tuɓe ta ya ba maroƙinsa, maroƙi ya kai ta kasuwa a wani gari mai nisa. Duk inda ta yada zango akwai maɗinkin da zai karɓe ta, ya juya cikinta waje, ya ƙirga sukan allura, ya gane dabarar wanda bai taɓa gani ba. A zamanin da babu hoto, tsohuwar riga ita ce littafin da maɗinka ke karantawa. Colleen Kriger, wadda ta nazarci rigunan wannan daula da ke ajiye a gidajen tarihi na Turai, ta nuna yadda fasalinsu ya yi kama da juna duk da nisan garuruwan da suka fito.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Amma duk da wannan bunƙasa, ya tarar rigunan Nufe suna da daraja ta musamman a kasuwar Kano. Wato birnin da ke tufatar da rabin Sahara shi ma yana sayen aikin wasu, yana kuma koyo daga gare shi.

Mai nazarin harshe ba ya buƙatar zuwa gidan tarihi kafin ya ga shaidar wannan cuɗanya, domin tana nan cikin kalmomi. Akwai wani siliki da ake samu daga saƙar tsutsar da ke bin wasu itatuwa, musamman tsamiya. Akan dafa shi da ruwan toka, mata su kaɗa, a sami zare mai ƙarfi wanda da shi ake yi wa rigunan manya aiki. Bahaushe ya kira zaren tsamiya, Bayarabe kuma yana kiran tufar da ake saƙawa da shi sanyan. Akwai kuma alharini, jan silikin da fatake ke ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus. Sunan daga Larabci ya zo, da ya isa ƙasar Yarabawa ya zama alaari. Saƙi kuwa, wato baƙar saƙar nan mai ɗigon fari, Yarabawa suna kiran irinta etu, ma'ana zabo, saboda kamarta da gashinsa. Waɗannan uku, sanyan da alaari da etu, su ne manyan tufafin gargajiya da Bayarabe ke taƙama da su har gobe. Rigar girke ta zama girike. 'Yar ciki ta maza, ko ɗan ciki, ta zama danshiki, daga bisani sunan ya haye teku, baƙaƙen fatar Amurka suka ɗauke shi a shekarun 1960. Kalma ba ta tafiya ita kaɗai, sai da mutumin da ya ɗauke ta da kayan da take suna.

Sai dai bai kamata a yi wa tarihin kwalliyar da ba tasa ba. Ba duk musayar nan aka yi da yardar juna ba. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun kwashi mutane da yawa zuwa bauta, cikinsu har da masu kaɗi da masaƙa, aka raba su da garuruwansu aka zaunar da su inda iyayengijinsu suke so. Sun tafi da gwanintarsu, sun koyar da ita a inda ba su zaɓa ba. Wani ɓangare na kyawun rigunan da muke yabo gumin waɗannan bayin Allah ne, kuma ba a san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Zuwan Turawa ya sauya hanyoyin. Kamfanin Royal Niger ya ci Bida da Ilori a 1897, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Fataucin Sahara ya yi ta ja da baya har ya mutu, zaren kanti ya maye gurbin alharini, yadin Turai ya fara ture saƙar gida. Amma jirgin da ya kashe waccan hanya shi ya buɗe wata. Hausawa suka ƙara kwarara kudu, aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, wasu suka zauna a Shagamu da Agege saboda cinikin goro. Maɗinka suka bi su, suka riƙa yi wa agbadar Yarabawa aiki daidai da yadda masu ita ke so, idan sun koma gida kuma su tafi da abin da suka gani. A gabas ma haka, fadar Sarki Njoya ta Fumban a ƙasar Kamaru ta karɓi babbar riga da masu ɗinkinta a farkon ƙarni na 20. A cikin wannan ƙarni ne zane a kan takarda ya yawaita, ya zama abin da mai zane zai adana, ya nuna wa mai sayen aiki, ko ya ara wa abokin sana'a. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya nazarci irin waɗannan takardu a Kano, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma kammala kundin digirinsa na uku a kan ɗinkin tufafin Hausawa a 1979.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan maganar maza ce, domin har tsakiyar ƙarni na 20 aikin babbar riga nasu ne. Daga shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur da makarantun boko da aikin albashi suka janye samari daga zaure, sai matan birnin Zariya suka karɓi allura, kamar yadda binciken Elisha Renne ya tabbatar. A ganina a nan ne musaya ta sami gidan da ya fi dacewa da ita, domin mata sun riga sun mallaki tsarinta tun kafin ɗinkin ya zo hannunsu. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya san yadda ƙawance da biki suke a tsakanin matan ƙasar Zazzau: abin da ƙawa ta kawo miki ranar hidimarki bashi ne, za ki rama da ƙari ranar tata. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa, amma 'yarta tana shiga kowane gida. Ita za a aika ta aro hular da aka gama a maƙwabta don a duba ƙirgenta, ita za ta kai ragowar zaren da wata ta rasa kalarsa, ita za ta dawo da rigar da aka taya uwarta cikewa saboda salla ta matso. Zanen gado da rigar matashin kai da aka ɗinka da hannu suka shiga cikin gudummawar da ƙawaye ke kai wa amarya. A 1994 wasu matan birnin suka haɗu a ƙungiyar masu ɗinki ta Queen Amina, aikinsu har ya kai kasuwannin ƙasashen waje. Amma yawancin mata masu wannan aiki ba su san wanda zai sa rigar ba. Dillali ne ke kawowa, shi ke karɓa, kuma ladan da ke isa hannun mai allura bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin rigar a kasuwa.

A yau shaddar da ake yi wa aiki daga Ostiriya ko ƙasar Sin take zuwa, masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002. Keken surfani ya daɗe da shigowa, ga kuma injin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ke gama a wuni guda abin da hannu zai yi wata yana yi. Zane ya koma cikin waya, ana tura shi ta WhatsApp, ana kuma sayar da shi. Masu zane da alƙalami sun yi ƙaranci, kuma da yawansu tsofaffi ne. Inda ɗinkin hannu ya fi riƙe ƙarfinsa shi ne hula. Lokacin da 'yan Boko Haram suka kama garin Bama a watan Satumba na 2014, mutanensa suka gudu Maiduguri ba su ɗauki komai ba sai abin da ke cikin hannuwansu. A sansanonin 'yan gudun hijira suka ci gaba da ɗinka hular nan da ake kira da sunan garinsu, waɗanda suka iya suna koya wa maƙwabtan da gudu ya haɗa su, dillalai kuma suna kwasa suna kaiwa Kano da Abuja da Legas.