Mantuwar Aro

Tun kafin 'yan Tumbin Giwa su fitar da Turmin Danya a 1990, masu kallo a Kano sun saba da wanda zai bugu a kai ya manta sunansa. A finafinan Indiya muka gan shi, irin su Sadma na 1983, inda Sridevi ta koma tamkar ƙaramar yarinya bayan haɗarin mota. Su ma Indiyawan aro suke yi: Ghajini na Aamir Khan, na 2008, jikan Memento ne na Amurka, na 2000.

Daga nan marubucinmu ya samo dabarar. In ya rasa yadda zai ɓoye mai laifi, sai ya kife mota da shaida. To, a kai labarin nan karkarar Dambatta ko Makoda mana, inda gona ke jingine da gona. Mutum ya manta kansa a can? Kafin la'asar wata tsohuwa ta lissafo masa kakanninsa, mai unguwa ya nuna masa iyakar gonarsa. Abin da ke rufe laifi a can kara ce da kunyar surukuta. Kowa ya san wanda ya kore shanun, amma dagaci na tambaya sai a yi tsit.