Harshen Ƙasa: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

 

Duk wanda ya yi damina a ƙasar Daura, daga Zango zuwa Baure ko Mai'aduwa, ya san laimar kwaɗi da ke tsirowa a juji da gindin itatuwa. Bahaushe ya dubi siffarta ne ya raɗa mata suna. Masana ma da haka suka fara, kuma tarihin wani ɗan uwanta ya nuna inda wannan hanya ke kai mutum.

Wannan ɗan uwa baƙi ne, ƙarami, yana fitowa tsaye daga ƙasa kamar harshe, an fi saninsa a filayen ciyawa masu danshi na Turai da dazuzzukan Arewacin Amurka. A 1794 masani Christiaan Persoon ya kira shi Geoglossum, wato harshen ƙasa da Girkanci. A 1838 August Corda ya kafa masa dangi mai suna Geoglossaceae. Daga baya aka riƙa cusa duk mai siffar harshe ko kulki cikin dangin, irin su Spathularia da Microglossum. A 1885 Émile Boudier na Faransa ya ware masu gashi ya kira su Trichoglossum, amma har a lokacin ido da madubin ƙara girma ne alƙalai.

Binciken ƙwayoyin gado ne ya warware maganar. A 2009 Conrad Schoch da abokan aikinsa suka nuna cewa harshen ƙasa na gaskiya reshe ne mai zaman kansa, suka ba shi aji guda, Geoglossomycetes. Spathularia da Microglossum kuwa aka tabbatar ba 'yan gidan ba ne, siffa ce kawai ta haɗa su. Kafin nan, a 1969, Robert Whittaker ya riga ya cire dukkan dangin laimar kwaɗi daga cikin tsirrai, kuma binciken baya ya nuna sun fi kusa da dabbobi.

Mutanen Daura sun san nauyin asali, domin daga nan labarin Bayajidda ya jera Hausa Bakwai. Marubucin da zai kawo kimiyya cikin Hausa yana buƙatar wannan kula. Sunan gargajiya yana faɗin yadda abu yake a ido, ba ya faɗin tsatsonsa. Idan muka kira kowane irin wannan tsiro laimar kwaɗi, mun haɗa abubuwan da masana suka shafe fiye da shekara 200 suna rarrabewa.

Wane suna ake kiran laimar kwaɗi a garinku? Ku rubuto mu tattara.