Hoton Gini da Amanar Tarihi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan ya sa mu ɗalibai, da zarar an nuna mana hoton wani tsohon gini, sai mu karɓe shi hannu biyu a matsayin hujja. To, amma shin idon kyamara yana faɗin gaskiya kullum? Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi tarihin al'amarin a taƙaice, in kuma nuna inda ya shafe mu.

Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Katsina da Kano a 1851, da alƙalami ya zana abin da ya gani, ko da yake an riga an bayyana fasahar hoto a Faransa tun 1839. Kyamarorin da suka zo daga baya manyan akwatuna ne masu ƙafa uku, waɗanda mai hoto kan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka. Duk da nauyinsu, da yawansu suna da wata baiwa, watau ana iya ɗaga idonsu sama alhali akwatin na tsaye cak. Da ƙananan kyamarori suka yaɗu bayan fitowar Leica a 1925, sai aka sami sauƙi, aka rasa waccan baiwa. Sai a 1962 kamfanin Nikon ya fito da ido mai gocewa ga ƙaramar kyamara, a 1973 kuma Canon ya kawo wanda ke gocewa yana kuma sunkuyawa.

Mene ne amfanin gocewar? Duk wanda ya tsaya a gindin dogon gini ya ɗaga kyamara sama, zai ga bangaye biyu sun nufi juna a hoton, kamar ginin zai faɗi da baya. A ginin siminti ba a ruɗuwa, don kowa ya san bangonsa a miƙe yake. Ginin tubali kuwa daban ne. Maginin Hausa da gangan yake kaurara gindin bango, ya riƙa rage shi har zuwa zanko, don ƙasa ta ɗauki nauyinta. Saboda haka idan aka karkata kyamara, ba mai iya rabe tsukewar da magini ya yi da wadda kyamara ta ƙara. An gauraya hikimar gwani da ƙaryar na'ura ke nan.

Mu ɗauki Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, mai tsawon kimanin mita 15. Tsawon idon kyamara da milimita ake auna shi, kuma ƙanƙantar lambar ita ce faɗin abin da yake gani. Mai ido na milimita 24, in ya tsai da kyamara a tsaye ba karkata, sai ya ja da baya wajen mita 18 kafin ƙololuwar ta shiga, rabin hoton kuwa duk ƙasa ce. In ya goce idon sama da milimita 12, mita 11 ta ishe shi. A lungu mai matsi sai a koma ga na milimita 17, wanda Canon ya fitar a 2009, sai dai yakan miƙe abin da ke gefe har ya fi girmansa. Don haka ni a ganina 24 ya fi dacewa da gini, 17 kuwa na lalura ne. Zanen fuskar zaure ya fi son 45 ko 50, saboda daga nesa ake ɗaukarsa, siffarsa ba ta jirkita.

Sunkuyon kuma aikinsa dabam. Wani hafsan sojan Ostiriya, Theodor Scheimpflug, ya yi rajistar ƙa'idarsa a 1904. In aka sunkuyar da idon kaɗan, sai abin da ke shimfiɗe a ƙasa ya fito sarai tun daga kusa har nesa. Da haka mutum zai tsaya a gonar gero a wajenmu Tamawa, ya kamo kunyar da ke gabansa tare da duwatsun da ke can nesa, ba wanda ya dushe. Haka nan mai ɗaukar sassaƙaƙƙiyar ƙwarya ko takalmin dukawa a kan tabarma, na milimita 90 zai nema, don ɓangaren da ke kusa kada ya kumbura.

Wani zai ce wannan ai zancen masu hoto ne, ina ruwan ɗalibin Hausa? Ruwansa shi ne ginin ƙasa ba ya jiran kowa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970. Mai son sanin yadda wajensa yake a dā, sai ya koma ga hotuna da awon irin su Z. R. Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, wanda aikinsa ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Wannan masallaci ya yi sa'ar samun masu awo. Zaurukan ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma fa? Kowace damina tana cin nata, kwano da bulo suna cin saura, kuma ba wanda zai zo daga Turai ya auna su.

Na san irin wannan ido ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Amma ƙa'idar kyauta ce, ko da waya ana iya bin ta. A ja da baya, a tsai da wayar ba karkata, a jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a bango, a rubuta rana da gari da sunan magini. Ina roƙon Ƙungiyarmu, da taimakon malamanmu, ta ɗora wa kowane ɗalibi kawo hoton zaure ɗaya daga garinsu bayan hutu, a tara su a Sashe. In an jinkirta, wataƙila tsibin ƙasa za a tarar.