Daga Layin da Ba Shi da Suna Zuwa NIN: Tarihin Dokokin Sirrinmu



Manyanmu a Limawa za su tuna lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. A wancan zamani, mutum zai sayi layi a bakin titi ya tafi abinsa, babu mai tambayar sunansa. Yau kuwa layi ɗaya yana ɗauke da hotonmu, zanen yatsunmu da lambarmu ta ɗan ƙasa. Ta yaya muka zo nan?

Tun a tsarin mulkin 1999, sashe na 37 ya ba mu 'yancin sirri a gidajenmu, wasiƙunmu da hirarmu ta waya. Amma da masu laifi suka riƙa fakewa da layukan da ba a san masu su ba, sai hukumar NCC ta wajabta rajistar layi a 2011. A 2015 ta ci tarar MTN dala biliyan 5.2 saboda rashin rufe layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista, daga baya aka sasanta a kan naira biliyan 330.

A shekarar ce kuma Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar laifukan intanet. Ta umarci kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu hulɗa da su har shekara 2, su miƙa wa jami'an tsaro idan an nema bisa doka. Sashenta na 24 ya jawo kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook, har kotun ECOWAS ta ce ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. An yi masa gyara a 2024.

A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Ba mu manta dogayen layukan da muka bi a Minna ba. Da bayananmu suka taru a hannun hukumomi da kamfanoni, sai tambaya ta koma: wa zai tsare mana su? NITDA ta fitar da ƙa'idoji a 2019, sannan a Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Yanzu muna da ikon tambayar me za a yi da bayananmu, mu nemi a gyara ko a goge su, mu kuma kai ƙara.

Sai dai doka ba za ta tsare abin da muka bayar da hannunmu ba. Har yanzu muna miƙa NIN da BVN ga duk wanda ya ce ana rabon tallafi, muna yi wa wasu rajistar layi da sunanmu. Idan aka yi laifi da layin, ƙofarmu za a fara ƙwanƙwasawa. Mu faɗakar da iyayenmu mata da matasanmu. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu.