Tarihin Kyautar Alewa a Bikin Ista

Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Legas, Jos, Kaduna ko ƙasashen Turai mun saba ganin kantuna sun cika da alewa iri-iri a watan Maris ko Afrilu, lokacin da Kiristoci ke bikin Ista. A Turai da Amurka wannan biki yana zuwa ne bayan wucewar hunturu, inda iyaye kan zaɓa wa kowane yaro irin alewar da ya fi so, su shirya masa a ɗan kwando. Yana da kyau mu san asalin wannan al'ada, domin kuwa da gumin Afirka ta Yamma a cikinta.

Da ƙwai aka fara. A Turai ta dā, coci ya hana cin ƙwai a cikin azumin kwana 40 da ke gabatar Ista, su kuwa kaji ba su daina saka shi ba. Saboda haka idan azumi ya ƙare sai a dafa abin da ya taru, a rina, a rarraba wa 'yan uwa da maƙwabta. Jamusawa suka ƙara da tatsuniyar zomon da ke kawo wa yaran kirki ƙwai, kuma 'yan ƙaurarsu suka kai ta Amurka a ƙarni na 18.

Sauyi ya zo ne da zamanin masana'antu. A 1828 gidan Van Houten na Holan ya fito da injin matse mai daga koko, abin da ya share fagen yin cakulan mai tauri. Kamfanin Fry na Biristol a Ingila ya yi ƙwan cakulan a 1873, Cadbury ya biyo baya a 1875. Daga bisani kantunan Woolworths, waɗanda suka fara a Libaful a 1909, suka yi fice wajen jera alewa kala-kala: mai saye ya tsinci son ransa, a auna, ya biya. Ta haka ya zama abu mai sauƙi a haɗa wa kowa kyautar da ta dace da shi. An rufe kantunan a farkon 2009, amma al'adar ta ɗore.

To, ina kokon yake fitowa? Bayan an fallasa aikin bauta a gonakin tsibirin Sawo Tome, Cadbury ya koma sayen kokon ƙasar da muke kira Ghana a yau, tun daga 1908. Zuwa 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman koko, har cikin shekarun 1970 da Kodebuwa ta sha gabanta. A yau ƙasashen biyu ne ke noma kimanin rabin kokon duniya. Da cututtuka da rashin kyawun yanayi suka lalata amfanin gonarsu, farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a 2024, ƙwan Ista ya yi tsada a kantunan Turai.

Duk da haka, kaso kaɗan ne na kuɗin cakulan ke isa hannun manomi. Riba tana wurin mai sarrafawa da mai ƙunshewa da mai kanti: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu da muke noma gyaɗa da riɗi da rake, muke kuma da alewar madara da kantu tun kaka da kakanni, ya kamata wannan tarihi ya tsaya mana a rai.