Ciyawar Teku a Kan Miki

A gaɓar tekun Sikotland, igiyar ruwa kan jibge wata ciyawa mai launin ƙasa-ƙasa, mai yauƙi kamar kuɓewa. A ƙarni na 18 talakawan yankin ƙona ta suke yi, su sayar da tokar ga masu yin sabulu da gilashi.

A 1881 wani masanin sinadarai mai suna Stanford ya tatso yauƙin nan, ya raɗa masa suna aljin. Sai a 1947 likita George Blaine ya wallafa gwajin da ya yi na ɗora shi a kan rauni.

Amfaninsa kan fito fili a fatar kai, inda jijiyoyin jini suka yi yawa. Idan likita ya yanke ƙari, wurin kan yi ta tsiyaya. Sai a shimfiɗa masa zaren aljin mai laushi kamar auduga. Yana shan ruwan mikin sai ya kumbura ya yi danƙo, sinadarin kalsiyam da ke cikinsa ya taimaka wa jini ya daskare. Babban alherinsa ga majinyaci shi ne ranar wanki: a jiƙa shi da ruwan gishiri, ya sulɓe ba tare da ya ɗaye sabon nama ba.